Yadda ake cin ramen a ƙaramin shago a Japan, daga bakin ƙofa zuwa ajiye kwano

Duk wanda ya taɓa jefa taliyar leda cikin tafasasshen ruwa ya riga ya ɗanɗani jikar ramen, ko da bai san sunan kakarta ba. Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, shi ne ya fito da busasshiyar taliya mai saurin dahuwa a shekarar 1958 a garin Ikeda da ke kusa da Osaka, kuma daga wannan dabara tasa ne sauran ire-irenta suka biyo baya, har da Indomie ta ƙasar Indunusiya da ta mamaye teburan masu shayi a garuruwanmu. Amma abin da ake sayarwa a ƙaramin shagon ramen wani abinci ne dabam, taliya ce cikin romo mai zafi, wanda ake kwana ana dafa romonsa, a zuba shi cikin minti biyu, a cinye cikin minti goma.

Shagon da nake magana a kansa yawanci bai fi ɗaki guda ba. Akwai doguwar kanta ta katako, da kujeru takwas zuwa goma sha biyu a jere, mai dafuwa yana tsaye a ɗaya ɓangaren tsakanin manyan tukwane, kana ganin hannunsa yana ganin naka. Kusan dukkan ladubban wurin sun samo tushe daga abu biyu: taliya ba ta jira idan ta shiga romo mai zafi, kuma kujerun ba su da yawa alhali akwai mutane a tsaye a waje. Wanda ya riƙe wannan zai iya gano abin da ya dace ko da ba a gaya masa ba, kuma zai fahimci dalilin da ya sa ya kamata a gama duk wani tunani da tambaya tun kafin a ɗaga labulen ƙofa.

Sanin abin da ke cikin kwanon

Asalin abincin daga ƙasar Sin yake. Ya shiga Japan ta biranen bakin teku irin su Yokohama, kuma ana yawan ambaton shagon Rairaiken da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokiyo a 1910, da masu dafuwa 'yan Sin, a matsayin wurin da ya fara yin suna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci kuma garin alkama na Amurka ya shigo da yawa, sai ya zama abincin ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, har yau ma da wannan kamanni ake kallonsa duk da cewa wani shago mai suna Tsuta a Tokiyo ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2015.

Kwano guda ya ƙunshi abubuwa biyar. Akwai taliyar, wadda ake kwaɓawa da garin alkama da gishiri da wani ruwa da suke kira kansui, wanda ɗan'uwan kanwarmu ne, kuma shi ke ba ta launin rawaya-rawaya da danƙon da ke sa ta yi tsayayya da haƙori. Akwai romon, na ƙashi ko na kaza ko na busasshen kifi da ciyawar teku. Akwai tare, wato wani haɗi mai kauri da gishiri da ake zubawa a gindin kwano kafin a zuba romo, kuma shi ne ke ɗauke da yawancin ɗanɗanon. Akwai mai ko kitse mai ƙamshi da ke yawo a sama. Sai kuma kayan da ake jerawa a kai: yankan nama da ake kira chashu, da dafaffen ƙwai mai ruwa-ruwan gwaiduwa da ake kira ajitama, da tsiron gora da aka tsima mai suna menma, da lawashin albasa, da busasshiyar ciyawar teku mai kama da takarda da ake kira nori.

Sunaye huɗu za ka fi cin karo da su. Shoyu shi ne wanda aka haɗa da baƙin ruwan waken soya, kuma shi ne tsohon salon Tokiyo. Shio na gishiri ne, romonsa garai-garai, birnin Hakodate ya yi suna da shi. Miso ana haɗa shi da ruɓaɓɓen waken soya wanda aikinsa a girki ya yi kama da na daddawa, kuma a Sapporo da ke tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi aka fara shi a shekarun 1950. Na huɗun shi ne tonkotsu, na yankin Fukuoka a tsibirin Kyushu, romo fari mai kauri kamar madara, kuma ma'anar sunan ita ce ƙashin alade.

Batun halal, wanda dole a warware shi tun daga gida

A nan ne nake son mai karatu Musulmi ya fi tsayawa, domin kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa idan an kauce wa tonkotsu an tsira. Sunayen shoyu da shio da miso suna bayanin abin da aka ɗanɗana romon da shi ne kawai, ba sa faɗin ƙashin da aka dafa. A mafi yawan shaguna ana haɗa ƙashin alade da na kaza a tukunya ɗaya, chashu kusan kullum naman alade ne, man da ke yawo a sama sau da yawa kitsen alade ne, kuma cikin tare akan zuba giyar shinkafa da suke kira sake, ko kuma mirin, wadda ita ma giyar girki ce mai zaƙi. Saboda haka cewa a cire maka naman daga sama ba ya gyara komai.

Na koyi wannan ne a wani dare na hunturu, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda allonsa ke ɗauke da alamar kaza, 鶏. Na tsaya a bakin ƙofa na tambayi mai shagon ko akwai alade a ciki. Dattijo ne mai farin tawul ɗaure a ka. Ya ajiye matsamin da ke hannunsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nuna babbar tukunya ya ce kaza ce zalla, ya juya ya nuna wata ƙarama mai baƙin ruwa ya ce a cikinta yake dafa naman alade, kuma daga ruwanta yake ɗiba ya zuba a gindin kowane kwano. Ya gicciya hannuwansa biyu a gaban ƙirjinsa, wadda ita ce alamar a'a a wurinsu, ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri. Na fita da yunwata, amma na daɗe ina ganin girman mutumin nan da ya gwammace ya rasa ciniki da ya ɓoye mini abin da ba ni da hanyar ganowa.

Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce neman shagon da aka buɗe shi tun farko domin abincin halal. Sun ƙaru a manyan birane saboda yawan masu zuwa daga Indunusiya da Maleshiya, kuma yawancinsu romon kaza suke yi, musamman mai kaurin nan da ake kira tori paitan, wanda ke ba da laushin da masu tonkotsu ke nema ba tare da alade ba. Naritaya a Asakusa, da Honolu a unguwar Ebisu, da Ayam-ya mai rassa a Kiyoto da Tokiyo suna cikin waɗanda suka yi suna a tsakanin Musulmi, sai dai ƙananan shaguna sukan tashi ko su sauya hannu, don haka ka tabbatar a ranar da za ka je cewa wurin yana nan kuma yana kan tsarinsa. Mafi amincin majiya su ne Musulmin da ke zaune a garin. Wanda ya yi sallar Juma'a a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, ko a masallacin Kobe da aka gina a 1935, ba zai rasa wanda zai kwatanta masa inda yake ci ba.

Ya kamata a san cewa babu wata hukuma ta gwamnati guda ɗaya da ke ba da shaidar halal a Japan. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa, kuma ma'auninsu ya bambanta. Akwai shagon da ke da cikakkiyar takardar shaida a manne a bango, akwai wanda ya rubuta cewa ba ya amfani da alade da giya amma bai ce komai ba game da yadda aka yanka kazar, akwai kuma wanda ke da kwano guda na Musulmi amma a kicin ɗaya ake dafa shi da sauran. Ka karanta abin da aka rubuta da kyau, ka ga wanne ne a gabanka. Shagunan da ba sa amfani da nama ko kaɗan, irin T's Tantan da ke cikin tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo, sun rufe ƙofar alade da ta yanka, amma tambayar giyar girki tana nan. Shi kuwa ruwan shoyu, yana ɗauke da ɗan burbushin barasa da ke fitowa yayin tsima shi, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kan irin wannan, don haka a ganina mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin tafiya, ya tsaya a kan matsaya guda, maimakon ya riƙa kokawa da zuciyarsa a gaban injin da ake sayen tikitin abinci a bakin ƙofar shago.

Idan za ka yi tambaya da bakinka, jimloli uku sun wadatar. "Buta wa haitte imasu ka?" na nufin ko akwai alade a ciki. "Osake ya mirin wa?" na tambayar giya da mirin. "Hararu desu ka?" na tambayar ko halal ne, ko da yake mai ƙaramin shago na iya rashin sanin kalmar. Ya fi kyau ka ajiye rubutun a wayarka da Japananci ka nuna, kuma ka koyi gane alamomi biyu da ido: 豚 alade, 酒 giya. Ka yi tambayar lokacin da babu cunkoso, domin mutumin da ke lura da taliya shida a cikin ruwa ba zai iya tsayawa ya yi maka bayani ba. Mai larurar da ba ta son alkama ko ƙwai ko waken soya ko riɗi shi ma ya yi tasa tambayar a wannan lokaci, domin da wuya kwanon ramen ya rasa ɗayansu.

Lokaci, kuɗi da layi

Yawancin shaguna sukan buɗe wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, su rufe wajen uku na rana, su sake buɗewa da yamma. Daga sha biyu zuwa ɗaya lokacin ma'aikatan ofis ne, kuma baƙon da ke son ya yi komai a natse gara ya zo ana buɗewa ko bayan ƙarfe ɗaya da rabi. Kada dai a makara sosai, domin wasu sukan rufe da zarar romon ranar ya ƙare, ko da lokacin tashi bai yi ba. Labulen da ke rataye a saman ƙofa, wanda suke kira noren, shi ne ke nuna a buɗe ake, idan an shigar da shi ciki to an tashi.

Ka riƙe tsabar kuɗi. Kwano guda yana kaiwa kusan yen 1,000 a kuɗin Japan, ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, na shagunan halal kuma yakan ɗan fi haka tsada. Injina da yawa takardar yen 1,000 da sulalla kawai suke karɓa, ba sa karɓar ta 5,000 ko ta 10,000, kuma tun da aka fito da sababbin takardun kuɗi a Yulin 2024 akwai tsofaffin injinan da ke dawo da su, kamar yadda wasu ke ƙin sabuwar kwandalar yen 500 ta 2021. Idan hakan ta faru, ka ce "sumimasen", wato gafara dai, ka nuna kuɗin, za a canza maka. Babbar jakar tafiya kuwa ka bar ta a akwatunan ajiya na tashar jirgi, domin babu inda za ta zauna a shagon. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: mu mutane ne masu son turare, amma a ɗakin da bai fi taku biyar ba, inda mutane suka zo don ƙamshin romo, turare mai ƙarfi yana damun na kusa, don haka a rage shi a wannan rana.

Idan ka tarar da layi, ka tsaya a ƙarshensa a jikin bango, ba tare da tare ƙofar maƙwabta ba. Ba a kama wa aboki wuri, sai kowa ya iso sannan a shiga layi. Wasu shaguna suna son a sayi tikiti kafin a bi layi, wasu kuma sai an kai bakin ƙofa, kuma hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce duban hannun waɗanda ke gabanka. Idan ma'aikaci ya leƙo ya tambayi ku nawa ne, ɗaga yatsu ya isa. Ku biyu za ku iya samun kujeru a jere, amma ku huɗu ko biyar ku shirya rabuwa, kowa ya zauna inda aka samu gurbi.

Injin tikiti

Da shigarka za a yi maka maraba da ƙarfi da kalmar "irasshaimase". Ba a amsa ta, ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. A gefen ƙofa za ka ga injin da ke cike da maɓallai, kuma ƙa'idarsa ita ce kuɗi ne ke fara shiga, sannan maɓallan su kama wuta, sannan ka danna. Maɓallin da ke sama a ɓangaren hagu yawanci shi ne kwanon da shagon ke alfahari da shi, kuma wanda ya zo karon farko ba zai yi asara ba idan ya zaɓe shi. Layukan ƙasa na ƙarin kaya ne, irin su ƙwai da nori da shinkafa, da babban kwano da ake kira omori. Maɓallin da ke nuna jan gicciye ko alamar 売切 yana nufin abin ya ƙare. Kowane abu da ka danna zai fito da tasa 'yar takarda, ka kwashe su duka, sannan ka danna maɓalli ko ka murɗa mariƙin da ke sakin canji, wanda baƙi da yawa ke mantawa. Babu ciniki, babu ragi, kuma kowane mutum kwano ɗaya: ba a yarda manya biyu su mamaye kujeru biyu su raba kwano guda ba.

Zama da miƙa tikiti

Ka jira a nuna maka kujera. Jakarka ta shiga kwandon da ke ƙasa ko ta rataya a ƙugiyar da ke ƙarƙashin kanta, rigar sanyi kuma a jikin bangon da ke bayanka. Ka ɗora tikitin a kan dakalin kanta na sama inda mai dafuwa zai gani. Ruwan sha kyauta ne, kuma kai za ka zuba wa kanka daga butar da ke gabanka ko injin da ke gefe.

A nan ne za a iya yi maka tambaya cikin sauri game da yadda kake son taliyar. Katame na nufin mai ɗan tauri, yawarakame mai laushi, futsu kuma yadda aka saba. A wasu shaguna ana ƙara tambayar ƙarfin ɗanɗano da yawan mai. Ga mai zuwa na farko kalma ɗaya ta isa amsa dukkansu, "futsu", domin ita ce za ta ba ka kwanon yadda mai shi ya tsara. Idan kana sanye da fararen kaya ka nemi rigar takarda da ake ɗaurawa a wuya, kami epuron, wadda shaguna da yawa ke bayarwa, mace mai hijabi kuma ta tura bakin hijabin cikin riga ko ta mayar da shi baya, domin za a sunkuya a kan kwanon sosai.

Mintunan jira su ne suka fi daɗin kallo. Za ka ga ya ɗumama kwanon da ruwan zafi, ya auna tare da ƙaramin ludayi, ya jefa taliyar cikin dogon matsami a tafasasshen ruwa yana duban agogo, ya ciro ya kaɗa ta da ƙarfi sau uku ko huɗu har ruwan ya tsane, ya kwantar da ita cikin romo ya gyara mata zama da tsinke, wato 'yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su, sannan ya jera kayan sama. Idan ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu ta gefe, ka kula domin kwanon yana da zafi da nauyi.

Cin abincin

Japanawa sukan haɗa tafin hannu su ce "itadakimasu", wato godiya ga abincin da wanda ya dafa. Ka yi bisimillarka a hankali, kuma ba laifi ka faɗi tasu kalmar don girmama mai dafuwa. Al'adarmu ta yi wa na kusa tayin abinci ba ta aiki a nan, maƙwabcinka zai rikice ne kawai. Idan hoto kake so, ɗaya ya isa, na kwanonka kaɗai, ba na fuskokin mutane ba, kuma idan akwai alamar hana ɗauka sai a bari.

Ka fara da romon. Ka ɗiba da cokalin nan mai faɗin ciki da ake kira renge, ka kurɓa sau biyu kafin ka taɓa komai, domin a lokacin ne yake yadda aka nufa, kafin garin taliya ya sauya shi. Su sukan riƙe tsinke a dama da cokali a hagu, amma wanda ba ya kai abinci baki da hagu yana iya ajiye tsinken a kan bakin kwano ya ɗauki cokalin da dama, ko ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya sha, duka biyun daidai ne. Tsinke biyun kuwa, na ƙasa yana kwance ba ya motsi tsakanin gindin babban yatsa da yatsan zobe, na sama ana riƙe shi kamar alƙalami, shi kaɗai ke motsawa. Wanda bai saba ba ya gwada a masauki da wake ko gyaɗa kwana biyu kafin ya je, idan kuma abin ya gagara ya nemi cokali mai yatsu, ko da yake ba kowane shago ke da shi ba.

Ka ɗauki silin taliya kaɗan, kamar biyar ko shida, ka ɗaga su sama su sha iska na ɗan lokaci, ka sunkuyo da kanka kusa da kwanon, ka sa bakinsu a leɓe, ka zuƙe su tare da iska har ƙarshe. Wannan zuƙar tana da ƙara, kuma a gidajenmu yaron da ya yi ta sai an tsawata masa, amma a nan ita ce hanyar cin. Iskar tana rage zafi, tana kuma kai ƙamshin romo zuwa hanci, kuma tana ɗauke wa mutum buƙatar hura abinci. Ba dole ba ce, babu wanda zai harare ka idan ka ci shiru, sai dai wanda ke jiran abincin ya huce zai ƙare da taliya da ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, ta shanye romon, kuma a nan ne aikin kwana guda ke lalacewa. Saboda haka taliya ce ake fara gamawa, ana haɗawa da nama da menma a tsakani. Nori a ci shi da wuri, a naɗe taliya da shi kafin ya narke. Ƙwan kuma a ɗora shi a cokali kafin a gutsura, don kada gwaiduwar ta tsiyaye ta dagula romon.

A gabanka akwai ƙananan kwalabe: masoro, da niƙaƙƙiyar tafarnuwa, da riɗi, da man barkono da ake kira rayu, da ruwan tsami. Harshen da ya saba da yaji zai so ya kai hannu tun kafin ya ɗanɗana, amma ina roƙon a daure har a ci rabi. Zuba yaji kafin ɗanɗano kamar gaya wa mai dafuwa ne cewa ba ka yarda da hannunsa ba, kuma yana tsaye yana gani. Bayan rabi, ɗan tafarnuwa ko ɗigon ruwan tsami yana sabunta kwanon. Abu biyu ne aka fi ƙin gani da tsinke: soke shi a tsaye cikin shinkafa, da miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin dukkansu suna tuna musu da al'adun jana'iza.

Ƙarin taliya da shan romo

A shagunan da ke amfani da siririyar taliya irin ta Fukuoka, ana zuba kaɗan ne domin ba ta jure zama cikin romo, wanda bai ƙoshi ba sai ya nemi ƙari da kalmar kaedama. Wannan ba gyara ba ce, ana biya, da tikiti ko da sulalla a kan kanta, kuma ana nemanta ne tun da sauran loma biyu ko uku, a kuma bar romo isasshe da za a juye ta a ciki. Idan kuwa tsukemen ka saya, za a kawo taliya mai kauri da sanyi a kwano ɗaya da romo mai ƙarfi a wani, ka riƙa tsomawa kana ci, ba a juye wannan cikin wancan. A ƙarshe ka ce "supu wari", za a tsinka maka ragowar da romo mara gishiri yadda zai shawu.

Shanye romo duka yana faranta wa mai dafuwa rai, amma ba wajibi ba ne. Gishirin kwano guda idan aka shanye yakan kai ko ya wuce giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya haura a yini, don haka mai hawan jini ya ci taliya da kayan sama ya bar mafi yawan romon. Taliyar ce barinta ke da nauyi a idonsu, kuma wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a danna omori ba sai an san cikin zai ɗauka.

Tashi

Da ka gama, ka tashi. Ba wurin hira ba ne, ba kuma wurin amsa waya ba, kuma daga zama zuwa fita da wuya a wuce minti ashirin. Idan abokinka bai gama ba alhali akwai layi, ka jira shi a waje. Ka ɗaga kwanonka da kofin ruwa ka ɗora a kan dakalin sama idan ka ga haka sauran ke yi, ka goge gabanka da tsumman da aka ajiye, ka jefa takardar goge baki a kwandon shara, ka tura kujerar ciki. Kada ka bar ko yen ɗaya a matsayin tukuici, domin za a ɗauka mantuwa ka yi, har a biyo ka da shi kan titi. Idan shagon ba shi da inji, sai ka biya a bakin ƙofa, ka ajiye kuɗin a ɗan farantin da ke wurin maimakon miƙawa hannu da hannu. Kana ɗaga labule ka juyo ka ce "gochisosama deshita", wato godiya ga abincin da ka ci, da muryar da mai dafuwa zai ji. Zai amsa daga bayan tukwanensa ba tare da ya ɗaga kai daga taliyar da ke kan wuta ba, kuma kafin ka kai bakin titi wanda ke gaban layi ya riga ya zauna a kujerarka.